Mu koya wa yara rubutun sirri, amma mu fara da riƙon amana

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malaman ƙaramar sakandare da iyayen da suke da yara 'yan shekara 11 zuwa 14. Dan Allah ku bani aron hankalinku.

Akwai wani darasi da yara suke so sosai in an basu shi yadda ya kamata, wato labarin yadda ake ɓoye saƙo a lokacin yaƙi da yadda abokan gaba suke warware shi. Wasu na ganin ɓata lokaci ne ko koya wa yara dabarar ɓoye-ɓoye, ni kam a ganina ƙofa ce da Allah Ya buɗe mana ta shigar da tarbiyya zuciyar yaro alhali yana jin daɗi, kuma asara ce mu barta ta wuce.

Ka fara musu da mai sauƙi. Juliyas Kaisar na Rum yana rubuta wa kwamandojinsa wasiƙa ta hanyar matsar da kowane harafi gaba da uku, A ta koma D, B ta koma E, haka har ƙarshe. Ka rubuta musu a allo D WDVKL GD DVXED ka ce saƙon sojoji ne muka kama, ku fasa min. Da farko za su yi tsuru-tsuru, sai kace to ku ƙirga wane harafi ne yafi yawa, zasu ga D ta fito sau 5 cikin haruffa 13, ka tambaye su a Hausa wane harafi ne yafi yawan fitowa, wani zai ce A, shikenan ƙofa ta buɗe, kowane harafi su ja shi baya da uku sai ga A TASHI DA ASUBA. Wallahi murnar da yaro yake yi in ya gano da kansa ba irin wadda yake yi in an bashi hadda bace.

Daga nan sai ka gaya musu wannan dabarar ƙirgen haruffa da suka yi yanzu, wanda aka fara samun bayaninta a rubuce a wurinsa malami ne musulmi, Yaƙubu ɗan Ishaƙ Al-Kindi, a Bagadaza a ƙarni na 9 Miladiyya. Ya lura cewa a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan zuwa, a Larabci alif da lam ne kan gaba, saboda haka ko an canja musu kamanni yawansu zai tona su. Yaranmu da yawa sun taso da tunanin duk wani ilimin lissafi da fasaha na wasu ne can, ya kamata su ji wannan suna.

Sai a zo yaƙin duniya na biyu. Jamusawa suna da na'ura mai suna Enigma, kamar tafireta take, ka danna harafi fitila ta kunna a kan wani harafin daban, kuma duk dannawa ɗaya faifan ciki yana juyawa, in ka danna A sau uku a jere zata iya baka haruffa uku mabambanta, kaga ƙirgen Al-Kindi kaɗai ba zai isa ba kenan. Hanyoyin saita ta sun haura miliyan sau miliyan sau miliyan 150, kuma kullum ana canja saitin, shi yasa suka saki jiki cewa ba mai iya karantawa. Amma tun 1932 wani matashi masanin lissafi ɗan Foland, Marian Rejewski, ya gano yadda wayoyin cikinta suke a haɗe, a 1939 mutanen Foland suka miƙa wa Ingila da Faransa abinda suka sani, sannan a Bletchley Park, cibiyar sirri ta fasa saƙonnin abokan gaba a Ingila, su Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, suka ɗora a kai.

To ga inda nake so mu tsaya da yaran sosai. Na'urar tana da nata rauni, harafi baya taɓa fitowa a matsayin kansa, amma abinda ya ƙara buɗe ta shine sakacin masu aiki da ita. Sojan da aka ce ya zaɓi haruffa uku na son ransa da zai saita na'urar da su kafin ya aika saƙo sai lalaci ta sa ya danna AAA ko haruffan da suke jere a kusa da yatsansa ko farkon sunan budurwarsa. Wani kullum da sassafe sai ya aika rahoton yanayi da kalmomi iri ɗaya, wani kuma yana can wurin da babu abinda ke faruwa kullum saƙonsa shine babu wani labari, su kuwa masu saurare sun riga sun san me zai ce sai su bi ta nan su gano saitin ranar gaba ɗaya, har da saƙonnin da rayukan dubban mutane ke rataye a kansu. Mutum ɗaya da ya raina amanar da aka bashi.

A ɗaya ɓangaren kuma mutane kusan 10,000 suka yi aiki a Bletchley Park, mafi yawansu mata, yaƙi ya ƙare a 1945 suka koma gidajensu suka ja bakinsu suka yi shiru, sai a 1974 duniya ta fara sanin labarin sosai. Akwai waɗanda iyayensu suka rasu basu taɓa sanin aikin da suka yi ba. Ka tambayi ɗalibanka, kai in kana da labari mai daɗi irin wannan kwana nawa zaka iya riƙewa?

Mu kuwa Alhamdulillah muna da abinda ya riga wannan a sirar Manzon Allah (SAW). Ka'abu ɗan Malik ya bada labari cewa in zai fita yaƙi yakan ɓoye inda ya nufa ya nuna kamar wani wajen za shi, sai a Tabuka ne ya bayyana saboda nisa da tsananin zafi. A shekara ta 2 bayan hijira ya ba Abdullahi ɗan Jahshi wasiƙa yace kar ya buɗe sai yayi tafiyar kwana biyu, kuma bai buɗe ba. Sahabbai suna da kalmar da suke gane juna da ita cikin duhun dare a fagen daga. Huzaifa ɗan Yaman an bashi sunayen munafukai ya riƙe, har Sayyadina Umar yana zuwa yana tambayarsa ko yana ciki.

Amma wanda yafi dacewa da yaranmu shine Anas ɗan Malik, domin shima yaro ne a lokacin. Yana wasa da yara Annabi (SAW) ya aike shi, ya makara wajen komawa gida, mahaifiyarsa Ummu Sulaim tace me ya tsare ka, yace aikena aka yi, tace aiken me, yace sirri ne. Bata matsa masa ba, cewa tayi kar ka gaya wa kowa sirrin Manzon Allah. Har ya tsufa bai faɗa ba, yace wa ɗalibinsa Sabit da zan gaya wa wani da kai zan gaya wa. Iyaye mata ku duba wannan uwa dan Allah, mu yau yaro ya dawo daga gidan maƙwabta mu muke zaunar dashi muna tatsar labari, me suka ce, wa yazo, sannan gobe muyi mamakin ya zama mai kai-kawo.

Kuma yaran nan waya na hannunsu ko tana gab da zuwa. Abokinsa ya gaya masa damuwarsa a WhatsApp ya ɗauki hoton hirar ya watsa a guruf, ya ji jita-jitar tashin hankali ya tura kafin ya bincika, alhali a Suratun Nisa'i aya ta 83 Allah Ya zargi waɗanda in labarin aminci ko na tsoro yazo musu sai su yaɗa shi maimakon su mayar dashi ga waɗanda suka san yadda za a tantance. Annabi (SAW) yace in mutum yayi magana sannan ya waiwaya, to maganar nan amana ce. Ku haɗa musu wannan da labarin sojan AAA, ku tambaye su lambar sirrin wayarsu ba 1234 bace ko shekarar haihuwa.

Abu ɗaya ne nake roƙon kar a tashi daga darasin ba a faɗe shi ƙarara ba. Ba kowane a ɓoye bane amana. Duk babban da yace wa yaro ko yarinya wannan tsakanina dake ne kar ki gaya wa mamanki, ko wani a intanet da yake neman hoto yace a goge hirar, ko wanda ya taɓa jikin yaro sannan ya tsorata shi, wannan ba sirrin da Allah Yace a riƙe bane, a ranar ya kamata uwa ko uba ko malami su ji, kuma yaro ya sani ba za a doke shi ba dan ya faɗa. Malamai ku faɗi wannan a aji da bakinku, iyaye ku maimaita a gida. Allah Ya tsare mana su.