Kafin ka buɗe masa cikinka, tambaye shi inda ya koyo aikin

Shekarar da mahaifina ya rasu ina nan Ingila, barci ya ƙaurace min wata da watanni. Likitana ya tura ni wurin wata mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Na tafi ina jiran nasiha irin wadda na saba ji a gida: ka yi haƙuri, kai namiji ne, kowa da ranarsa.

Kafin in ce uffan, ita ce ta fara gabatar da kanta. Ta ce ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta koma karatun wannan fanni, sunanta yana cikin rajistar BACP, ƙungiyar masu ba da shawara ta Birtaniya, kuma duk wata tana zama da wani na gaba da ita yana duba yadda take tafiyar da aikinta. Ta faɗa min ƙarara cewa maganata ba za ta fita ɗakin ba, sai fa in rayuwata ko ta wani tana cikin haɗari. Sannan ta ce ko ina da tambaya a kanta.

Wannan tambayar ta tsaya min a rai. A gida kunya ba ta barin mu mu tambayi wanda muka kai wa kuka ko wa ya koya masa. Muna ganin rashin ladabi ne. Ni yanzu ina ganin haƙƙi ne, domin ko a nan Ingila doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba. Rajista da horo ne kaɗai ke raba gwani da mai daɗin baki.

Hanyarta ita ce wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, wato bin sawun tunanin da ke jefa mutum cikin damuwa. Ba ta taɓa ce min yi kaza, bar kaza ba. Na ce mata ni na kashe mahaifina da rashin komawa gida da wuri. Ba ta ce in daina faɗin haka ba. Cewa ta yi in rubuto hujjata, in rubuto abin da ya saɓa mata, mu duba tare mako mai zuwa. Ta ɗauke ni a matsayin babba mai hankalin kansa, kuma hakan ya fi min lallashi dubu.

Sai dai ba komai ne na nan ya fi ba. Minti hamsin na cika, sai ka koma ɗakinka kai kaɗai, ba mai leƙo ka. Da na ambaci ƙaddara, sai da na yi mata dogon bayani kafin ta gane cewa imanina ne ke riƙe da ni. Tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Dakta Adeoye Lambo ya ga muhimmancin dangi da al'ada a Aro, kusa da Abeokuta, inda yake saukar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu.

Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Burina in ga masu ba da shawara da suka yi horo, suke jin Hausa, suka san nauyin kalmar haƙuri da lokacin da faɗinta ke rufe wa mai damuwa baki. Ƙanwata ta kira ni kwanan baya tana neman irinsu, kuma tambayoyin nan na horo, rajista da riƙon sirri na fara tura mata.