Amarya Ba Ta Laifi

ALHAJI: Kai yaro, ɗauke hannunka daga jikinta! Turawa na ce ku yi, ban ce ku shafa ba.

YARO: Baba, ta yaya za a tura mota ba a taɓa ta ba?

ALHAJI: Da ladabi.

Haka aka shigo da Amarya garejin Farin Gada da ke Jos, yara huɗu na nishi a baya, Alhaji na zaune a sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu. Peugeot 504 ce fara. Shekarunta sun wuce arba'in, amma duk wanda ya kira ta tsohuwa sun yi hannun riga da Alhaji har abada.

OGA: Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Me ya same ta?

ALHAJI: Ba abin da ya same ta.

OGA: To, turo ta aka yi.

ALHAJI: Hutawa take yi. Kafireto kawai za ka ɗan hura mata, in tafi. Ina da ɗaurin aure a Bukuru.

OGA: Da safe tana tashi?

ALHAJI: In ta ga dama.

OGA: Hayaƙi fa?

ALHAJI: Ɗan kaɗan.

YARO: Oga, jiya da ya bi ta Titin Bauchi, sai da masu Keke suka kunna fitila da rana tsaka.

ALHAJI: Wa ya sa da kai? Ka san ko wace ce wannan? A Kaduna aka haɗa ta, ba kwashe-kwashen Kwatano ba ce. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, ubanka ma bai fara sa wando ba. Irinta ce ta ci kambun motar shekara a Turai a 1969. Rancen mota gwamnati ta ba ni na saye ta, ledar kujera ma ni na ɓare da hannuna.

YARO: Ai har yanzu ga ledar nan a kujerar baya.

ALHAJI: Ta gaba na ce.

Oga dai bai tanka ba. Ya san irinsu. Duk mai tsohuwar mota a garin nan kalma ɗaya ya haddace, kafireto, wato abin da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji. Taya ta yi faci, kafireto. Hajiya ta yi yaji, kafireto.

OGA: Yaro, kwance mini fulogi.

ALHAJI: Kafireto na ce, kana cewa fulogi. Kunnenka lafiya?

OGA: Ranka ya daɗe, wuta ake fara dubawa kafin mai. In wuta ba daidai take ba, ko kwana za ka yi kana murɗa kafireto, aikin banza ne. Ga shi, duba bakinsa. Baƙi ƙirin, busasshen toka. Da fari fat ne sai in ce mai ya yi mata kaɗan. Da ya jiƙe da baƙin mai sai in ce ringi ya tafi. Wannan kuwa mai ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan.

ALHAJI: Fulogin ne jabu. Duk kayan yanzu jabu ne.

OGA: Wannan kam ba na musu. Kwali na Jamus, abin ciki Allah kaɗai Ya san garinsu. Amma huɗun duk baƙi ne, Alhaji. Ba su haɗa baki ba.

Ya buɗe murfin dilko, mai raba wa fulogai wuta, ya leƙa, ya ɗago ya dubi Alhaji, ya sake leƙawa.

OGA: Wa ya taɓa kwantak ɗin nan?

ALHAJI: Masani.

OGA: Da me masanin ya auna?

ALHAJI: Da reza. Wani Bafaranshe na gani yana yi a Kaduna, da idona.

OGA: Ba reza ka gani ba, ma'auni ne. Tazarar bakin kwantak milimita 0.4 ce. Reza ko rabin haka ba ta kai ba. Bakin ya kusa haɗewa, shi ya sa wuta ke zuwa a makare, taimin ya ja baya, mota ta rasa ƙarfi.

ALHAJI: To rezar ce jabu.

YARO: Baba, Bafaranshen ya yi maka magana?

ALHAJI: Ya ce mini “bonju”. Ni kaɗai, cikin mutum fiye da talatin.

An gyara kwantak, an saita taimin. Yaro ya kama kunce murfin iya-kilina, sai ya tsaya cak.

YARO: Oga, zo ka ga ikon Allah.

Ya fara jawo wani abu. Ya ja, ya ja, abu ya ƙi ƙarewa. Mafila ce ta ulu, ja da kore, an naɗe ta zagaye uku a kan matatar iska, an ƙulle da kyau. A ƙarƙashinta kuma ga safa guda.

OGA: Alhaji...

ALHAJI: Sanyin Jos wasa ne? Kai da ka fito da safe ba ka sa rigar sanyi ba? Ga hular nan a kanka har kunne. Ita ba ta da haƙƙi?

OGA: Ranka ya daɗe, ta nan take numfashi.

ALHAJI: Shi ya sa na rufe. Ta hanci mura ke shiga.

OGA: Ka saurare ni. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku. Iskar nan ba ta kai ta Legas kauri ba. Motar da aka saita a ƙasa, in ta hau nan, da ma mai yakan ɗan rinjayi iska. Kai kuma ka zo ka shaƙe ɗan abin da ya rage. Tun da ka naɗa wannan, daidai yake da kana yawo da cok, mai rage wa inji iska, a jawo dare da rana. In sanyi ne, ai ga cok nan Bature ya sa mata. Ka ja da safe, in ta yi ɗumi ka mayar.

ALHAJI: Bature ya taɓa kwana a Gangare a watan Janairu?

OGA: Ƙasarsu ƙanƙara ke zuba.

ALHAJI: Wannan ƙanƙara ce. Ni sanyi nake magana.

A nan mai shayin gefen gareji ya bar tukunyarsa ya matso. Masu gyaran Keke ma suka ajiye sifana. Ba kullum ake samun sinima kyauta ba.

ALHAJI: Kuma a ninke mini mafilar nan da mutunci. Daga Makka na zo da ita.

YARO: Safar fa?

ALHAJI: Ita ma.

Sai yanzu aka iso kan kafireton da Alhaji ke ta kira tun safe. Oga ya buɗe kofin fulot, inda mai ke taruwa a cikin kafireto, ya juye a gwangwani. Mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa, ga jan garin tsatsa.

OGA: Ina kake shan mai?

ALHAJI: Inda kowa ke sha.

YARO: Wajen ’yan bumburutu, Oga. Galan ma ba ya cikawa, a gorar ruwa ake auna masa.

OGA: To ga sakamako. Tanki kullum wayam, raɓa na taruwa a ciki da dare, tana cin ƙarfe. Tsatsar nan ita ke toshe jet ɗin silo, ’yar ƙofar da mai ke bi in mota na kunne a tsaye, shi ya sa kana ɗaga ƙafa daga totur take mutuwa. Ka riƙa cika tanki.

Gareji ya yi tsit. Har mai shayi sai da ya ce subhanallahi.

ALHAJI: In cika me? Zamanin Shagari, lita kwabo 20, ina cika ta har ta yi amai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, allurar man motar nan ba ta sake ganin rabi ba. Fansho kuwa an ce mu zo tantancewa, na je, an tabbatar ina da rai, kuɗin ne dai har yau ba a tabbatar da nasu ran ba.

OGA: Allah Ya kawo sauƙi.

ALHAJI: Amin. Amma ba laifinta ba ne.

OGA: Ban ce laifinta ba ne.

ALHAJI: Ba nawa ba ne kuma.

An wanke jet, an hura, an mayar. Mari ɗaya Amarya ta tashi. Oga ya bar ta ta yi zafi, don ba a saita silo da inji mai sanyi. Ya murɗa sukurun mai zuwa ciki a hankali har inji ya fara tuntuɓe, ya dawo da shi baya har sauti ya daidaita, sannan ya rage silo. Ya ɗora kofin shayi a kan inji, ko motsi bai yi ba.

ALHAJI: Ka lalata ta.

OGA: Na'am?

ALHAJI: Ina muryarta? Da, tun daga kwanar layi Hajiya ke jin tahowata ta ɗora ruwan shayi. Yanzu sai in shiga gida ba wanda ya sani, sai ka ce ɓarawo?

Ya zura hannu a aljihun babbar riga ya zaro sukudireba. Oga ya tare gaban bonet da ƙirjinsa. Ana cikin ja-in-ja, Amarya ta yi tari biyu ta yi shiru.

ALHAJI: Ka gani! Kafireto! Tun safe nake faɗa!

YARO: Baba, mai ne ya ƙare.

ALHAJI: Wa ya ƙarar? Lita biyu na shigo da ita, kuka tsaya kuna sauraron inji. Nawa ne kuɗin aikinka?

OGA: Ka ba da dubu biyar, don girmanka.

ALHAJI: Madalla. Cire kuɗin lita biyu. Cire wanda ka zubar a gwangwani. Cire wankin mafila.

OGA: Alhaji, rabin na gwangwanin ruwa ne.

ALHAJI: A farashin mai na saye shi. Yaro, kira ’yan'uwanka, Bukuru za mu. Kuma ku wanke hannu tukuna.