Tsatsar noti: a gida guduma, a Ingila kwandon shara

A gida ƙura ce ke damun babur, tsatsa sai damina ta kankama. Nan Ingila kuwa da sanyi ya shigo ake bin tituna ana watsa gishiri don kada su yi santsin ƙanƙara, kuma gishirin nan da ruwa su ke cinye notunan babur. Kafin watan Maris notin salansa ya yi jawur, na jikin inji kuma ya fitar da wani farin gari.

Maganin bakanikenmu sananne ne: a ɗiga baƙin mai ko kananzir, a ɗora sifana, in ya ƙi a kawo guduma da kurfi. Sau da yawa kan notin ne ke cinyewa, ko ya karye a ciki. Masu babur a nan Ingila kuma da yawansu ba su da haƙurin wanke noti, sai su kwance tsofaffin su zubar, su ɗaura na sitenles, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, masu ƙyalli. Ni wannan ya fi ba ni tsoro, domin ɓarnar guduma ana ganinta nan take, ta sitenles kuwa a ɓoye take.

Duba kan notin birki, galibi za ka ga lamba 8.8 ko 10.9, ma'aunin ƙarfinsa ke nan. Sitenles na gama-gari, mai lamba A2-70, bai kai ko 8.8 ba, balle 10.9. Ga kuma wata: in aka ɗaura shi a jikin alminiyam ruwan gishiri ya ratsa, alminiyam ɗin ne ke ruɓewa har su manne, ranar kwancewa a yi ta fama.

Wankin ai ba wuya. A fesa man kwance noti, WD-40 ko makamancinsa, a bar shi ya kwana, kashegari a juya kaɗan gaba, kaɗan baya. In ya fito a bi haƙoransa da burushin waya. Wanda tsatsa ta kama sosai a jiƙa shi cikin ruwan khal, wato binega, na wasu awoyi, a ɗauraye da ruwan bekin soda, a shanya ya bushe ƙarau. Amma tsamin khal yana tafiya har da rufin tutiya da ke kare ƙarfen, saboda haka in ba a shafa masa giris nan da nan ba, tsatsar za ta dawo fiye da da. Masu 10.9 da 12.9 kam kada a kai su kusa da tsami, yana iya sa su gautsi.

Notin birki ko na ƙafa da tsatsa ta yi wa rami, wannan ba na wanki ba ne. A sayo sabo mai lamba irin tasa, a nan kam na bi bayan Bature.