Taron masu daina giya: yadda ake yi a Ingila, da abin da zai yiwu a Gusau

A nan Ingila, wanda giya ta fi ƙarfinsa ba zai rasa inda zai je ba ko da daren yau ne. Ya buɗe shafin Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina, wadda ake ce wa AA, ya sa sunan unguwarsu, sai taruka su fito da rana da lokaci. Yawanci a zauren coci ko na unguwa ake zama: kujeru a zagaye, butar shayi a gefe, awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Ba rajista, ba kuɗin shiga, sai ɗan kwano da ake zagayawa da shi don haya da madara. Kowa sunansa na fari kawai yake faɗi, kuma idan yana magana ba mai katse shi. Mashaya biyu ne, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka fara abin a 1935 a garin Akron na Amurka, bayan sun lura cewa mashayi ya fi sauraron wanda ya taɓa kwana a ramin da yake ciki.

Gusau kuwa wata duniya ce. Tun Janairun 2000 da shari'a ta fara aiki zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, haddin shan giya bulala tamanin ne. Giyar ba ta ƙare ba, ɗaki ta shiga aka rufe ƙofa. Kuma ba bulalar ce ta fi tsorata mutum ba, gori ne: a fasa auren 'yarsa, a daina gaishe shi a masallaci. To wa zai liƙa takarda a Tudun Wada ya ce mashaya su hallara ranar Talata? Shi ya sa nake ganin kwaso tsarin Turawa ɗungurungum aikin banza ne. Abu biyu ya kamata mu ɗauka: riƙon sirri, da zaman da kowa a cikinsa mai ciwon ne, ba malami da ɗalibi ba.

Amma kafin taro, asibiti. Wanda ya shekara yana sha kullum, ko yake farkawa hannu na rawa sai ya kurɓa ya daidaita, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, ko da Ramadan ne ya kama. Awa shida zuwa ashirin da huɗu bayan kurɓar ƙarshe ake fara gumi, amai da karkarwa. Cikin kwana biyu jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa. Kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan rikice, su riƙa ganin abin da babu. A gida sai a ce aljanu ne a kira mai ruƙiyya, alhali wannan rikicewar tana kisa. Likita kan ba da diazepam yana ragewa a hankali, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Ana iya farawa daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. A can ne ma ya fi dacewa a tambayi ma'aikaci, a keɓe, ko akwai wasu masu murmurewa da suke haɗuwa.

Mai jin Turanci yana da hanya mafi sauƙi, tarukan intanet, galibi ta Zoom. Ya canza sunan da ke bayyana, ya kashe kyamara, ya sa abin ji a kunne. Murya kaɗai ba ta cin data sosai. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila da na Najeriya ɗaya ne, sauran watanni Najeriya na gaba da awa guda. A kula da iri biyu: akwai taron da kowa zai iya shiga har dangi, akwai na masu son daina sha kaɗai. Wanda addu'o'in AA ba su kwanta masa ba ya nemi Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, ko SMART Recovery da ba ta sa addini a ciki. Kada a yanke hukunci daga taro ɗaya, a gwada biyar ko shida.

Mai Hausa zalla fa? Nan ne aikin yake. Mutum uku zuwa shida sun isa, rana ɗaya tsayayya a mako, bayan la'asar, tunda tafiyar dare ba ta kowa ba ce a Zamfara yanzu. Shago bayan an tashi ko zauren wani, ba majalisar bakin titi ba. Kowa minti biyar, waya a aljihu, ba rubuta suna. Sabo kuma a haɗa shi da wanda ya daɗe da dainawa, wanda zai iya bugawa waya idan ƙishirwar ta taso tsakar dare.

Abin da ke rusa irin wannan zama sananne ne. Buɗe zauren WhatsApp, inda lambar kowa ke fili kuma hoton allo ɗaya ya isa tona asiri. Rance tsakanin 'yan taro. Sai babba: wani ya mai da zaman wa'azi. Mashayin Gusau ya san giya haram ce tun yana makarantar allo. Abin da bai sani ba shi ne yadda zai wuce daren Alhamis da albashi a aljihu. Wanda ya koma ya sha kuma, idan aka tsare shi da ido ba zai sake zuwa ba. A Bukhari, da aka sake kawo wani sahabi kan shan giya wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Don haka wanda ya koma ya sha, a ba shi tabarma, a tambaye shi ina yake kuma da wa yake lokacin da ya kurɓa, a sake ƙirga kwanaki daga ɗaya.