Ashe har ƙirga sheƙar tsuntsu ake yi

Kai jama'a, wannan labari na tsibirin Queen Bess da ke jihar Luwisiyana a Amurka ya tsaya min a rai wallahi. Wato ruwan teku ya cinye wurin saura ɗan kaɗan, ga malalar man kamfanin BP ta 2010 ta zo ta ƙara dagula shi, sai aka ɗebo yashi aka sake cike tsibirin da kuɗin diyyar man, aka gama a 2020, yanzu kwasakwasa da zalɓe da balbela sun dawo suna saƙa sheƙa. Abin da ya fi burge ni ba cikon ba ne, bibiyar ce, ma'aikata su shiga kwalekwale lokacin ƙwai su ƙirga sheƙa, su sa wa 'yan tsaki zobe a ƙafa don a gane wanda ya dawo baɗi. In ba ka ƙirga ba ta ina za ka san aikin ya yi?

Mu nan Zariya muna yara akwai wata tsamiya a bayan gidanmu a Tudun Wada, da magariba balbelu ke rufe ta fari fat, ƙasanta duk kashi, wari kam ba a magana. Shamuwa kuma in ta sauka kaka ta ce a fito da iri damina ta zo. An sare tsamiyar an yi shaguna. Ko bakin kogunan Kubanni da Galma yanzu leda ta fi tsuntsu yawa, kuma ni dai ban taɓa cin karo da mai littafi yana ƙirga su ba, ga ɗalibai cike da Samaru masu neman abin rubuta furojet.