Karen da ya tare mu a Small Heath ya tuna mini da Kurna

Ranar Talata da safe ina riƙe da hannun 'yata za mu makaranta, sai ga wani ƙaton kare tsaye a bakin filin shaƙatawa na Small Heath, nan Birmingham. Ba igiya a wuyansa, ba mai shi a kusa. Ƙirji kamar na ɗan maraƙi, yawu na dalala. Yarinya ta ƙanƙame ni tana "Baba, Baba", ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Wata dattijuwar Baturiya ta ce mu tsaya cak kada mu gudu, ta zaro waya ta kira ƙaramar hukuma. Na yi zaton 'yan sanda za ta kira. Ashe tun 2008 karen da ya ɓata a Ingila aikin ƙaramar hukuma ne.

Na kai yarinya na dawo na tarar da farar mota mai keji biyu a baya. Ma'aikacin na sanye da riga mai ɗaukar ido da safar hannu mai kauri, riƙe da doguwar sanda mai zarge a baki. Bai daki karen ba, bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa yana yi masa magana a hankali har ya zarga masa igiya, sannan ya goga wata na'ura a bayan wuyansa. Lamba ta fito. Tun 2016 doka ta tilasta a dasa wa kowane kare wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wanda ake gano mai shi da adireshinsa ta hanyarsa. Ya ce mini za su ajiye shi kwana 7. In mai shi ya zo, ya biya tara da kuɗin ci da kwanan karen. In bai zo ba, a nema masa wani gidan.

Abin bai tsaya kan kare ba. Daga ranar 10 ga Yunin 2024 har kyanwa sai an dasa mata, wanda ya ƙi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500. Karnuka masu haɗari kuwa dokarsu tana nan tun 1991, kuma daga Fabrairun 2024 ba mai ajiye nau'in XL Bully sai da takardar izini, in zai fita da shi sai da takunkumi da igiya.

Ina tsaye ina kallo, amma hankalina ya tafi Kurna, unguwarmu a Kano. Muna yara wani kare ya ciji ɗan maƙwabcinmu a sharaɓa. Aka bi karen da duwatsu da sanduna aka kashe, aka ƙona gashinsa aka shafa a miki, kowa ya ce shi ke nan. Bayan 'yan makonni yaron ya fara firgita in ya ga ruwa. Ba zan manta kukan mahaifiyarsa ba. Sai da na girma na san cewa da an wanke mikin da ruwa da sabulu na minti 15 an garzaya asibiti an fara allura, da yardar Allah zai iya rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Birtaniya kuwa ta rabu da cutar a karnukanta tun 1922.

Da na ba wani abokin aikina labari, sai ya ce ai ku can ba ku son dabbobi. Wallahi maganar ta ɓata mini rai. Mu da aka rene mu da hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba abinci, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare? Ya taɓa ganin yadda mafarauci ke ji da karensa, ko yadda makiyayi ke dogaro da nasa a ruga? Ba mu kwana da kare a gado, gaskiya ne, kuma ba na jin akwai abin kunya a nan. Su ma suna da nasu: nan za ka ga tsoho shi kaɗai a gida, 'ya'yansa ba sa leƙo shi, kare ne kawai abokin hirarsa.

Amma duk da na kare mu a gabansa, a zuciyata na san inda gizo ke saƙar. Tausayi muna da shi. Abin da ba mu da shi shi ne wanda za a kira. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da ajiye dabbobin gida da yawonsu kan ƙananan hukumomi, kuma muna da 774, Kano kaɗai na da 44. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafin karnuka a cikin ƙasarmu. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar na yankewa. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari da ake shakkar zuwansa har cikin randa. Ina ya tafi? A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To ciyaman, mota ɗaya da ma'aikaci biyu da firijin allura sun fi ƙarfinka ne?

Daren nan na kira Hajiya. Na tambaye ta karnukan da ke kwana a juji bayan gidanmu, ta ce suna nan, har sun ƙaru, kuma ta nan jikokinta ke bi zuwa Islamiyya. Na ce ta hana su bin hanyar. Ta ce, "To ta ina za su bi, ɗan nan?" A bayan muryarta ina jin kyanwarta tana kuka, ana kiran sallar isha'i a masallacin layinmu. Na daɗe riƙe da waya ban ce komai ba, har ta tambaye ni ko layin ya yanke.