Ni fa talla nake, ba bara ba

To an cire ni daga grup ɗin. Waɗanda suke ciki sun ga abin da ya faru daren jiya, ba sai na maimaita ba. Link ɗin shafina na intanet da nake saka farashin hatsi na ajiye sau 1 tak, admin ya ce wai "ba a bara a nan", ya goge ya yi waje da ni. Kafin a kira assalatu wani ɗan grup ɗin nan dai ya shiga shafin, ya ɗauki hoton farashin masara da gero da na rubuta, ya datse sunan shafin daga sama ya watsa, mutane suna ta sa masa albarka, admin ɗin ma har da "Allah ya saka da alheri Alhaji". Wani abokina ne ya turo min da safe, wallahi shayin ma kasa sha na yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kalmar baran nan ce ta tsaya min a rai. A Kano fa muke. Ka shiga Kantin Kwari ka ga yaran shago a bakin layi suna "Hajiya shigo ki gani, akwai sabuwar atamfa", ka je kasuwar waya ta Farm Centre tun ba ka gama saukowa daga adaidaita sahu ba an baibaye ka ana tambayar me za a gyara, ka kunna rediyo rabin abin da za ka ji talla ne. Wa ya taɓa ce da su mabarata? To ni ma haja ce da ni, link ɗin nan shi ne ƙofar shagona, cewa na yi a shigo a gani. Ban ce a ba ni ko sisi ba. Talla nake, kuma ba zan ji kunyar talla a garin da aka gina da ciniki ba.

Wanda ya datse hoton bai san yadda lambobin nan suke zuwa ba. Duk Asabar da an idar da sallar asuba nake kama hanyar Katsina zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau da ɗan littafina a aljihu. Ba mutum 1 ake tambaya ba, don na farko kuɗin baƙo zai gaya maka, sai ka zagaya wajen mutum 3 ko 4, ka tsaya ana sauke buhuna ƙura tana shiga maka ido, ka jira dillali ya gama waya da mai kaya tukunna ya kalle ka. Masara, gero, dawa, wake, riɗi, zoɓo, waken suya, kowanne da layinsa. Daga nan na dawo na buɗe shagon gyaran waya don shi ne abincina, sai dare in an ci sa'a akwai wuta na zauna da tsohuwar kwamfutata ina shigarwa, ina rage nauyin hotuna don shafin ya buɗe wa wanda sabis ɗinsa ba ƙarfi. Sunan shafin duk shekara sai na biya an sabunta, wurin ajiyarsa ma biya nake. Daga aljihuna. Sannan a ce mai bara.

Masu cewa "ka rubuto mana a nan kawai, ba mu da data", haba dan Allah. Shafin nan kusan duk rubutu ne, bidiyon TikTok guda 1 da ka kalla ya fi shi cin data nesa ba kusa ba. Masu cewa na buɗe peji a Facebook na huta kuma, ina da shi, amma ai tebur ne a ƙofar shagon wani. Kun manta ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa 6? Kun manta an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022? Status kuwa awa 24 ya ɓace. A shafina farashin bara yana nan, na kaka yana nan, mutum zai kwatanta ya san ko yanzu ne lokacin ajiya. Wannan ba ya yiwuwa a grup ɗin da saƙo 300 za su binne maganarka kafin azahar.

Wai kuɗi nake samu da shi. To in ina samu sai me? Haram ne? Kuma don ku sani, Google AdSense, masu saka talla a shafi su biya mai shi, ba sa biya sai kuɗinka ya kai dala 100, ni har yau ban kai ba. Abin da zai kai ni shi ne dannawar nan da kuke ƙyashi. Duk wanda ya karanta hoton da aka datse, ni ban san ya zo ba, Google ma bai sani ba, balle ya ɗaga shafin sama in wani ya nema. Wani ya taɓa biyo ni inbos wai zai sayar min da maziyarta dubu 10 a kwana 1, na ce a'a, mutane nake nema masu cefane, ba inji ba.

Na san ana tsoron link saboda 'yan damfara, wannan gaskiya ne, ni kaina a shago nake ganin waɗanda aka kwashe wa kuɗi suna hawaye. Amma shafina bai taɓa tambayar kowa BVN ko lambar da banki ke turowa ba, kuma admin ya san ni ya san shagona, da tambaya ya yi. Sannan hoton da aka datse ba kwanan wata a jiki. Nan da wata 2 zai ci gaba da yawo, wani bawan Allah ya ɗauko kuɗinsa daga Zariya ko Jos da tsohon farashi ya zo ya tarar ba haka ba, wa zai zaga? Ni.

Akwai wata baiwar Allah mai ƙosai a unguwarmu, ɗanta ne yake buɗe mata shafin duk Lahadi ta ji kuɗin wake kafin ta aika. Ranar nan ta tsayar da ni ta ce "ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, yanzu ba a yi min ƙari." Saboda irinta nake tashi. Don haka zan ci gaba da saka link, a status, a ƙasan kowane rubutu, har a jikin rasit ɗin shagona na sa an buga. Wanda ya ga amfaninsa ya tura shi yadda yake da sunansa, kar ya datse.

Af, tunda ana maganar, wa ya san wani amintacce a kasuwar 'Yankaba? Ina so na fara sa kayan miya amma lissafin ya ƙi zama, kwandon tumatir na wannan daban na wancan daban, kuma kuɗin safe ba shi ne na la'asar ba. Attaruhu ma wasu da buhu suke gaya min wasu da solo. In akwai wanda yake kwana ya tashi a kasuwar ya yi min magana, ni zan zo har inda yake ranar Talata.